Muna so mu rubuta tarihin mahaifinmu mai gyaran keken ɗinki: daga ina ake farawa?

Autan Baba:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce, bayan ya yi shekara 31 yana gyaran keken ɗinki da sayar da kayansa a ƙaramin shago. Mu bakwai ya bari, da mahaifiyarmu, da jikoki waɗanda wasunsu ba su yi wayon da za su tuna shi ba. Yayyena sun ɗora mini aikin haɗa ɗan littafi a kansa, don yaran nan su san wane ne kakansu.

Abin da ke hannunmu shi ne wayarsa, littattafan shago guda tara, kwali biyu cike da rasit, albam ɗaya da wasu hotuna a warwatse, sai kaset uku da ba mu san abin da ke ciki ba. Akwai ƙanwarsa, akwai yaran da ya koya wa aiki, akwai wani amininsa da ya haura shekara 80.

Inda na maƙale: duk wanda na tambaya sai ya ce "mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, ba ruwansa", daga nan sai hawaye, magana ta ƙare. Gaskiya suka faɗa, amma wannan ba zai cika shafi biyu ba. Masu sani, da me zan fara, me zan jinkirta, kuma wane kuskure ne ba ya gyaruwa?

Mai Rikoda:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ƙanena, ajiye biro tukuna, rubutu shi ne na ƙarshe. Takarda tana iya jira, amma dattijon da ya haura 80 bai yi alƙawari da kowa ba. Da shi za ka fara, sai gwaggonku, sai mafi daɗewa a cikin yaran shago.

Amsar "mutumin kirki ne" kuwa laifin tambayar ne. Duk wanda aka ce wa "wane irin mutum ne?" yabo zai bayar, don ba mai so a ji shi yana rage wa mamaci. Ka riƙa yin tambayar da take da lokaci da wuri a cikinta. Ƙarfe nawa yake buɗe shago? Me yake fara taɓawa in ya shiga? Wa ya koya masa aikin, kuma shekara nawa ya yi a hannunsa? Wa ya ba shi jarin farko? In yaro ya lalata keken kwastoma, me yake yi masa, me kuma yake gaya wa mai keken? Wace shekara ce kasuwa ta fi ƙi, me ya sayar don ya riƙe gida? Me yake cewa in ransa ya ɓaci? Irin waɗannan ba a amsa su da kalma biyu.

Ka tafi da wani abu da za su riƙe. Sukudireba ɗinsa da mariƙinta ya sha hannu, ko kwalbar man keke, ko hoton ƙofar shagon. Tsohon yaron shago in ya juya sukudirebar nan a tafinsa, zai tuna ranar da aka buge masa hannu da ita saboda ya ɗaure noti fiye da kima, kuma wannan labarin ya fi yabo shafi goma.

Mutum ɗaya a zama ɗaya. In ka tara su, babba ne zai yi magana, sauran su yi ta gyaɗa kai. Kada zama ya wuce minti 45 zuwa awa guda, musamman da tsofaffi. In mutum ya yi shiru kada ka yi sauri ka cike gurbin, ka ƙirga goma a zuci; sau da yawa abin da ya biyo bayan shirun shi ne abin da ka zo nema. In ya faɗi shekarar da ka san ba ita ba ce, ƙyale shi, ka rubuta a gefe. Ka gyara masa sau ɗaya, zai kama bakinsa har ka tafi. Sannan ka koma bayan mako guda, domin zaman farko yakan tayar da abubuwa ne kawai, a na biyu ake kwashewa.

Ɗaukar murya da waya ya wadatar in an kiyaye abu kaɗan. Ka sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗaukar. Ka ɗora ta a kan tawul da aka ninke, kamar santimita 30 daga bakin mai magana, ba a kan tebur tsirara ba, don kowane bugun kofi zai shiga. Ka kashe fanka da talabijin. Ka ɗauki minti ɗaya na gwaji ka saurara kafin a shiga magana. A farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata da sunan mai magana da dangantakarsa da marigayin, sannan ka nemi izininsa da muryarsa a ciki. In manhajar ɗaukar murya tana ba da zaɓin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ɗauki shi; awa ɗaya tana cin kusan megabait 300 in layin sauti ɗaya ne (mono), ba wani abu ba ne a wayar yanzu.

Ka sani kuma, mayar da awa ɗaya ta hira zuwa rubutu yana cin awa 4 zuwa 6. Mutum takwas, zama bibbiyu, ka ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ku raba a tsakaninku.

Mahaifiyarku kada a matsa mata. Ta zo a ƙarshe, kuma wadda ta fi sakin jiki da ita a cikin 'ya'yanta ta zauna da ita.

Injiniyan Waya:

Allah ya gafarta masa. Malama Mai Rikoda ta yi daidai, sai dai akwai abin da ya fi dattijon gaggawa, shi ne wayar, kuma yau za a yi shi ba gobe ba.

WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 bai taɓa intanet ba. Ku kun riga kun cinye kusan 60. In wayar tana cikin durowa a kashe, ku fito da ita, ku yi mata caji, ku haɗa ta da intanet. Layinsa ma kada a bari ya mutu. Kamfanonin waya suna karɓe lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba su ba wani, wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma duk saƙon tabbatarwa na imel ɗinsa da Facebook ɗinsa ta wannan lambar zai zo. Ku riƙa yin kira ɗaya da ita lokaci-lokaci.

Kuskuren da ba ya gyaruwa, tunda ka tambaya: wani ya cire layin ya sa a tasa wayar ya buɗe WhatsApp da shi. Nan take tsohuwar wayar za ta fita daga asusun, hirarrakin kuma ba a ma'ajiyar kamfanin suke ba, a cikin wayar suke, ko a kwafin ajiya in ya taɓa kunna shi. Na biyu, a kai wa mai gyara a ce ya buɗe ta, shi kuma ya wanke ta gaba ɗaya. Na uku, a yi ta cankar lambar sirri. A iPhone, in an kunna wani saiti, kuskure goma a jere yana share komai. In ba wanda ya san lambar, ku tsaya, ku tambayi wanda yake taya shi latsa wayar. Kusan kowane dattijo yana da irin wannan yaron.

In ta buɗe, saƙonnin murya za ku fara kwashewa, don su ne muryarsa ta yau da kullum: yana gaya wa kwastoma an gama aiki, yana tambayar jika ya jiki. A cikin kowace hira akwai zaɓin fitar da ita waje, da kayan cikinta ko ba da su ba. In an haɗa da hotuna da muryoyi, saƙonni 10,000 na ƙarshe kawai yake ɗauka. In rubutu zalla ne, 40,000. Kada ku manta rabin muryarsa yana cikin wayoyinku da na kwastomominsa, kowa ya duba nasa. Hoto kuma in za a turo, a turo shi a matsayin fayil ɗin takarda, domin in aka tura shi yadda aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage masa kyau, a maɗaba'a sai ya fito dishi-dishi.

Facebook yana mayar da shafin mamaci na tunawa in an kai masa shaida, amma daga ranar ba mai iya shiga asusun. Saboda haka a kwashe abin da ake so tukuna, in kuma shi kaɗai ne mai kula da shafin shagon, a ƙara wani kafin a kai rahoto. Google ma yana da damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, tun daga Disamban 2023.

Manhajar bankinsa ba ta cikin wannan aikin. Wannan haƙƙin magada ne da dokar ƙasarku, kada wanda ya taɓa ta da sunan tattara tarihi.

Duk abin da kuka kwaso ya zauna a wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya na waje, da ma'ajiyar intanet ko gidan wani daga cikinku. Filas ɗaya a aljihun auta ba ajiya ba ce.

Tsohon Akawu:

Allah ya sa ya huta. Ɗana, littattafan nan tara su ne kashin bayan aikinka, don mutane suna tuna hali, amma shekara takarda ce ke riƙe ta.

Ka fara jera su bisa kwanan watan shafin farko da na ƙarshe. Kada ka yi rubutu a cikinsu, ka saka 'yar takarda mai lamba a bangon kowanne. Yawanci za ka tarar iri uku ne a cakuɗe: na cinikin yau da kullum, na sari, da na bashi. Kowanne da abin da yake faɗa.

Na ciniki yana nuna yadda sana'ar ta juya. Ka duba lokacin da bel da kayan keken ƙafa suka fara raguwa, injin da ke juya keke da sauran kayan keken lantarki suka fara bayyana. A nan za ka san yaushe ya koyi sabon aiki da girmansa. Ka duba inda rubutun hannu ya canza. Baƙon hannu na mako biyu tafiya ce ko jinya, baƙon hannu da ya zauna shekara uku yaro ne da aka amince wa da kuɗi, kuma wannan yaron ya kamata ka nemo. Ranakun da babu ciniki ko ɗaya su ma magana ce. Ka ɗora su a kan ranakun haihuwarku da rasuwar iyayensa, za ka ga da yawa sun hau.

Na bashi shi ne mai daɗin karatu kuma mai haɗari. Sunan da aka ja wa layi, ba a rubuta biya a gabansa ba, sau da yawa yafewa aka yi. Ka ƙirga irinsu. "Mai tausayi ne" magana ce da ake faɗa wa kowa; amma ka ce a littafi na huɗu kaɗai suna kaza aka soke ba tare da an biya ba, wannan nasa ne shi kaɗai. Sai dai ka tabbatar da wajen yaron shago kafin ka rubuta, don wasu 'yan kasuwa layi kawai suke ja in an biya su. Suna kuwa ko ɗaya kada ya fita. Mutumin da marigayi ya rufa wa asiri yana raye, ba kai za ka tona shi bayan ransa ba. In za ka sa hoton shafin, ka rufe sunayen. Bashin da yake buɗe har yanzu, nasa a kan mutane da na mutane a kansa, ka fitar da shi a takarda daban ka miƙa wa manyanku. Ba tarihi ba ne, lissafi ne da ke jiran a rufe shi.

Rasit: ka ware masu santsin nan da injin kanti ke fitarwa. Ba tawada ba ce a jikinsu, zafi ne ya rubuta su, shi ya sa suke kodewa har su koma fari. Su za ka fara ɗauka a hoto. Kada a yi musu laminatin, zafin injin zai mayar da takardar baƙa ƙirin a cikin daƙiƙa. Sauran takardu ma, lasisi da takardar haya da shaidar gama koyon aiki, ba na ba da shawarar laminatin, don ba a warware shi. Salatif ma haka, yana yin rawaya ya bar tabo. Ƙusar sitefula da ta yi tsatsa a cire ta a hankali. A ajiye komai a kwali mai murfi, sama da ƙasa, nesa da danshi da gara.

Wajen sikan, takarda dpi 300 (wato ɗigo 300 a kowane inci) ta isa, hoto 600. Ƙaramin hoton fasfo kuwa 1200 za ka yi masa, kuma ga dalili: faɗinsa milimita 35 ne, tsawo 45. A 300 zai ba ka ɗigo 413 da 531 kacal, in ka faɗaɗa shi fuska ta tarwatse. A 1200 zai ba ka 1654 da 2126, wanda zai buga santimita 14 da 18, kusan cikakken shafi. Sau da yawa hoton fasfon nan shi ne kaɗai hoton ƙuruciyar mutum. Ka yi sikan ɗin bayan hoto ma in da rubutu ko hatimin mai hoto. Sunayen mutanen ciki a rubuta a baya da fensir mai laushi, ba biro ba, kuma gwaggonku tana zaune, don ita ce za ta gane fuskokin.

Kaset ukun kada a jefa su a tsohuwar rediyo don a ji abin da ke ciki. Robar da ke jan zaren in ta tsufa tana cinye shi. A gwada injin da wani kaset maras amfani, kuma jin farko ya zama shi ne na ɗauka zuwa kwamfuta.

Autan Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wayar tana caji yanzu haka, yayata ta san lambar. Baba Akawu, na duba, akwai giɓin kusan shekara ɗaya tsakanin littafi na uku da na huɗu. Gwaggo ta ce lokacin ne suka saɓa da abokin kasuwancinsa har aka rufe shagon. Irin wannan ana sa shi a littafi ko a tsallake? Akwai kuma hoto ɗaya da ya manne da gilashin firam.

Mai Gyaran Rubutu:

Allah ya jiƙan mahaifinku. Ɗan'uwa, a sa shi. Mutumin da aka rufe wa shago shekara guda da iyali a wuyansa, ya tashi ya sake buɗewa, babin da jikoki za su fi karantawa ke nan. Abin da za ka tsallake shi ne shari'ar wa ya cuci wa. Ba ka nan, ɓangare ɗaya ka ji, ɗayan kuma yana da 'ya'ya da littafin zai iya faɗawa hannunsu. Ka ce haɗin gwiwar ya rabu, shago ya rufe daga wata kaza zuwa wata kaza, sannan ka zauna a kan abin da ya yi a tsakani: ina yake karɓar aiki, wa ya tallafa masa, da me ya sake farawa. Kafin a buga, mahaifiyarku ta ji wannan babin ta amince. In ta ce a'a, a'a ce.

Ƙananan halayensa ma kada ka wanke su. In mai faɗa ne a kan makara, in ba ya ba da aron kayan aikinsa ko ga ɗansa, ka rubuta. Waɗanda suka san shi da wannan za su gane shi. Littafin da ba shi da ko ɗaya daga irin wannan, za ka iya canza sunan bango ka ba kowane gida.

Kada ka buɗe da "an haife shi a shekara kaza". Ka buɗe da shi yana aiki: ya ɗora keke a tebur, ya juya ta da hannu, ya karkata kunne yana sauraron inda take ƙara kafin ya kwance ko noti ɗaya, in har haka yaransa suka ce yana yi. Haihuwa da karatu su biyo baya. Maganar da mutane suka faɗa ka bar ta da bakinsu, kada ka goge ta ta koma ta jarida. Shekara kuma sai ta samu shaida biyu, ko takarda ɗaya, kafin ka rubuta ta kai tsaye. In ba haka ba ka ce "wajen", ko ka jingina ta ga wanda ya faɗa. In gwaggo da aminin suka saɓa, ka kawo duka biyun.

Wani wuri da ake samun ɓacin rai: jerin sunayen 'ya'ya da jikoki. A manta mutum ɗaya ko a ɓata rubutun sunansa, shi ke nan abin da za a riƙa tunawa da littafin. Ka tura wa kowane gida jerin ya duba nasa. Haka yawan hotuna, kada wani ɗa ya fito sau shida wani sau ɗaya.

Girma: shafin A5, wato milimita 148 da 210, yana ɗaukar kalma 250 zuwa 300. Kalma 8,000 da hotuna 20 za su kai shafi 40 zuwa 48. In ɗinkin tsakiya za a yi da ƙusa, dole adadin shafuka ya rabu da huɗu, don kowace takarda in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. Ka kai wa maɗaba'a PDF da aka cusa masa salon haruffansa a ciki. In ka kai fayil ɗin Word, kwamfutarsu kuma ba ta da salon da ka yi amfani da shi, ɗ da ƙ da ɓ suna iya komawa akwatuna. Ka sa su buga kwafi ɗaya na gwaji, ka ba wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da ƙarfi, sannan a buga sauran.

Tsohon Akawu:

Hoton da ya manne, kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta zauna a gilashi takardar ta biyo hannunka. Kada kuma ka jiƙa shi. Ka fitar da gilashin tare da hoton daga firam, ka goge wajen gilashin da busasshen ƙyalle, ka kifa shi a sikana yadda yake. In ya fito da ɗan dishi saboda kaurin gilashin, ka ɗauke shi da kyamara kusa da taga, ba filasha, ka riƙe baƙin kwali mai rami a gaban kyamarar don kada inuwarka ta fito a ciki.

Giɓin nan kuma, kafin ka yarda shekara ce cur, ka duba rasit ɗin sari na lokacin. In yana sayen allura da bel a watannin da shago ke rufe, to aiki bai tsaya ba, gida ya koma da shi, kuma yayyenka manya za su tuna ɗakin da aka tara kekunan.